Tarihin Yinka Dare, Dogon Ɗan Ƙwallon Kwando Haifaffen Kano

A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in ba ku tarihin wani ɗan ƙasarmu wanda ya yi suna a wasan ƙwallon kwando tun yana ɗan makaranta, ya sami dukiya mai yawa, sa'an nan ya rasu da sauran ƙuruciyarsa. Sunansa Yinka Dare. Da yawa cikinmu ba su taɓa jin sunan ba, domin ya bar duniya tun ba a haifi ko ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar nan ba. Amma a zamaninsa jaridun Amurka sun yi ta buga hotonsa, har ana kwatanta shi da Hakeem Olajuwon. Labarin waɗanda suka yi nasara kullum ana ba da shi. Shi kuwa wannan labari ne na wanda Allah ya ba baiwa, aka yi gaggawar kai ta kasuwa tun ba ta ƙosa ba, kuma a ganina ya fi kusa da halin da mu 'yan makaranta muke ciki.

Yadda wasan yake

Kafin in shiga tarihin, ya kamata in yi ɗan bayani saboda iyayenmu da ba su saba kallon wasan ba. Wani malamin motsa jiki ne ya ƙago shi, mai suna James Naismith, haifaffen Kanada, a garin Springfield na Amurka cikin shekarar 1891. Lokacin sanyi ne, ɗalibai ba su iya fita fili, sai ya rataye kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a cikin zauren motsa jiki, ya ce a riƙa jefa ƙwallo ciki. Tsayin kwandon daga ƙasa ƙafa 10 ne, kuma har yau bai sake ba. Mutum biyar-biyar ke karawa. Jifa ɗaya maki 2 ne, in daga nesa ne maki 3, jifan kyauta kuwa maki 1.

Wanda ya fi kowa tsawo a ƙungiya shi ake ajiyewa kusa da kwando, ana ce masa ɗan tsakiya. Aikinsa uku ne: ya ci daga kusa, ya tare jifan abokan karawa, ya kuma cafke ƙwallon da ta bugi bakin kwando ta dawo. A kowane wasa akwai masu lissafi da ke zaune gefe suna rubuta duk abin da ɗan wasa ya yi. In ka miƙa wa ɗan'uwanka ƙwallo ya jefa ta shiga nan take, sai a rubuta maka taimako ɗaya. In kuwa ta kuɓuce maka ta koma hannun abokan karawa, sai a rubuta maka ɓari ɗaya. Ku riƙe waɗannan biyu, gama za mu sake gamuwa da su a gaba.

Haihuwarsa da yadda aka gano shi

An haifi Yinka Dare a birnin Kano ran 10 ga watan Oktoba, 1972. Sunansa na Yarbanci ne, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Kano, garin da ya saba tara mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Ya tashi kamar sauran yara, sai dai tsawonsa ya yi ta ƙaruwa har ya kai ƙafa 7, watau mita 2 da 'yan kai. Da ya cika mutum nauyinsa ya kai wajen kilo 120. Ku dubi ƙofar ajinku, ku tuna cewa irin wannan mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga.

Wasan da ya fi sabawa da shi yana yaro shi ne tanis. Labarin da aka fi sani game da shigarsa ƙwallon kwando shi ne, cikin 1991 wani lauya ɗan Nijeriya mazaunin Amurka ya zo ziyara birnin Ikko, watau Legas. Yana tafe cikin mota sai ya hangi wani saurayi zaune kan benci yana cin abinci, ga tsawo kamar giginya. Ya tsaya ya tambaye shi ko nawa ne tsawonsa, saurayin kuwa bai ma sani ba. Daga wannan gamo hanyar Amurka ta buɗe masa.

A nan ya kamata mu lura da abu guda. Yinka yana dab da shekara 19 a lokacin. Yaran Amurka da zai je ya kara da su sun fara taɓa ƙwallo tun suna 'yan shekara shida ko bakwai, sun yi wasa dubbai a unguwa da makaranta. Shi tsawo ya zo da shi. Sanin wasan sai ya faro daga tushe.

Makarantar Milford

Da ya isa Amurka sai aka sa shi wata makarantar sakandare ta kwana mai suna Milford Academy, wadda a lokacin take garin Milford, wani madaidaicin gari a bakin teku cikin jihar Connecticut. Irin waɗannan makarantu ana kai musu samari masu baiwar wasa don su gyara karatunsu su cika sharuɗɗan shiga jami'a, su kuma ƙara gogewa a fili. Shekara guda tak ya yi a nan. Amma shekara gudan ta isa labarinsa ya bazu, domin a wasan 'yan sakandare da wuya ka sami wanda zai iya tsayawa gaban mai ƙafa 7. Abin da ake bukata gare shi bai wuce ya tsaya kusa da kwando ya ɗaga hannu ba.

To, a nan ne matsalar ta soma ɓuya. Yaron da ya fi tsaransa girman jiki yakan ci wasa ko bai iya ba, jama'a su yi ta tafi, shi kuma ya ɗauka ya iya. Mun sha ganin haka a wasannin gidaje na makarantu, inda ƙato guda zai kwashe kofuna, ba don ya fi kowa dabara ba, sai don ya riga tsaransa girma. Ranar da ya gamu da irinsa, ran nan ake sanin ko ya koyi wani abu.

Shekara biyu a jami'a

Cikin 1992 ya shiga Jami'ar George Washington da ke babban birnin Amurka. Mai horar da ƙungiyar jami'ar shi ne Mike Jarvis, mutumin da ya san kan dogayen 'yan wasa, gama shi ya horar da shahararren ɗan tsakiyar nan Patrick Ewing tun yana sakandare. Jami'ar ba ta cikin waɗanda ake jin tsoro a wasan. Zuwan Yinka ya sauya wannan. A shekararsa ta fari yakan ci wajen maki 12 a kowane wasa, ya cafke ƙwallo wajen 10, aka kuma zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa na rukunin jami'o'in da suke ciki.

A Amurka kowane watan Maris akan yi babbar gasa ta jami'o'i, wadda a wancan zamani ƙungiya 64 ke shiga, wanda aka ci sau ɗaya ya koma gida. A gasar 1993 an jera Jami'ar George Washington ta 12 cikin ƙungiyoyi 16 na shiyyarsu, watau ba a zaci za ta wuce wasan farko ba. Sai ga shi sun doke New Mexico da maki 82 da 68, suka doke Jami'ar Southern da 90 da 80, suka shiga cikin 16 na ƙarshe. Jami'ar ba ta taɓa kai wa nan ba kafin wannan shekara. Jami'ar Michigan ce ta tsayar da su da 72 da 64, ita kuwa a lokacin tana da taurari irin su Chris Webber da Juwan Howard da Jalen Rose, har ta kai wasan ƙarshe na gasar.

A shekara ta biyu ma sun shiga gasar, suka ci wasan farko, Jami'ar Connecticut ta fitar da su a na biyu. Cikin shekara biyun nan Yinka ya tare jifa fiye da duk wanda ya taɓa yi wa jami'ar wasa kafinsa. Saurayin da shekara uku baya bai san ko nawa ne tsawonsa ba, ga shi ƙasa guda ta san sunansa. A zamansa na jami'a ne kuma likitoci suka gano cewa bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Wannan ma ku riƙe shi.

Zaɓin da ya sauya rayuwarsa

Karatun digiri a can shekara huɗu ne, kuma ɗalibi yana da damar yi wa jami'arsa wasa shekara huɗu. A wancan zamani ɗan wasan jami'a ba a biyansa albashi, sai dai a ɗauke masa kuɗin makaranta da abinci da makwanci. Kuɗi suna babbar gasar ƙwararru da ake kira NBA. Kowace shekara ƙungiyoyin wannan gasa sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa bi da bi, waɗanda ba su taɓuka abin kirki ba a bara su ke fara zaɓa. Ɗalibin da ya ga dama yana iya barin karatu ya ba da sunansa, amma a wancan lokaci in ya shiga ƙwararru ba shi da sauran damar komawa wasan jami'a.

Cikin 1994, bayan shekara biyu kacal, Yinka ya bar jami'a ya ba da sunansa. Masana wasan da dama sun ga cewa da ya ƙara haƙuri, domin har lokacin ƙarfi da tsawo yake ci da su. Amma kada mu yi saurin ganin laifinsa. Saurayi ne ɗan shekara 21, baƙo a ƙasar wasu, ana nuna masa kuɗin da zai ishe shi da danginsa har abada. In ya tsaya ya ji rauni a wasan jami'a, shi ke nan ya tashi a tutar babu. Wane ne cikinmu zai rantse cewa shi da ya ƙi?

Daɗin daɗawa, lokacin ya dace da tashen ɗan Nijeriya. Ran 22 ga Yuni, 1994, Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ya ɗauki kofin NBA da ƙungiyar Houston Rockets, a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya. Mako guda bayan haka, ran 29 ga Yuni, aka zauna zaɓe a birnin Indianapolis. Kowace ƙungiya tana mafarkin samun nata Olajuwon. Glenn Robinson aka fara ɗauka, sai Jason Kidd, sai Grant Hill. Da aka zo na 14 cikin mutum 54, ƙungiyar New Jersey Nets ta kira sunan Yinka Dare. Ta ba shi kwantiragin shekara 6 a kan kuɗi wajen dala miliyan 9.

Abin da masu kwatancen suka manta shi ne irin hanyar da Olajuwon ya bi. Shi ma bai fara wasan da wuri ba, amma ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya yi ƙwallon hannu, waɗanda suka koya masa sarrafa ƙafa da sanin inda ɗan'uwa yake. Ya shiga Jami'ar Houston cikin 1980, bai fita ba sai 1984, kuma lokacin hutu yakan je ya goga da ƙwararren ɗan tsakiya Moses Malone. Haka kuma Dikembe Mutombo na ƙasar Kwango, wanda ya yi karatu a Jami'ar Georgetown, cikin gari ɗaya da jami'ar su Yinka. Shi sai da ya karɓi digirinsa cikin 1991 kafin ya shiga ƙwararru, ya yi shekara 18 yana wasa, ya gina babban asibiti a Kinshasa. Dukansu biyu sun daɗe a kan wuta kafin a sauke su.

Cikin ƙwararru

Ƙaddara ta fara gwada shi tun daga bakin ƙofa. A kakar 1994 zuwa 1995 wasa ɗaya ya yi, minti 3 kawai, raunin gwiwa ya zaunar da shi har shekarar ta ƙare. Ga mai koyo wannan babbar hasara ce, gama shekarar da ya kamata ya yi yana sanin wasan sai ya yi ta yana jiyya. Ga mai nauyin kilo 120 kuwa gwiwa ita ce jari.

A kaka ta biyu ya dawo ya yi wasa 58. A nan ne abin da ya ɓuya a Milford ya fito fili. Wasan jami'a minti 40 ne, wajen wasa 30 a shekara. Na ƙwararru minti 48 ne, wasa 82 a shekara, kuma dole a jefa ƙwallo cikin daƙiƙa 24. Kowace ƙungiya tana da nata ƙaton, wanda ya kai shi tsawo ya fi shi sauri. Da ƙwallo ta zo hannun ɗan tsakiya sai mutum biyu su rufe shi, in bai san inda ɗan'uwansa yake tsaye ba tun kafin ta iso, to sun ƙwace. Yinka ya gama wasa 58 ɗin nan ba a rubuta masa taimako ko ɗaya ba, abin da ya shiga littafin tarihin gasar.

Jimlar abin da ya yi cikin shekara huɗu a NBA ke nan: wasa 110, wajen maki 2 a kowane wasa, taimako 4, ɓari 96. Wannan 4 ɗin ita ta bi shi har kabari. 'Yan jarida suka mai da shi abin dariya, aka laƙaba masa suna na ba'a, har yau in ana lissafin zaɓen da bai yi albarka ba sai an ambace shi.

Amma adalci ya kamata a yi masa. Na farko, aikin ɗan tsakiya irinsa tsaro ne da cafke ƙwallo, kuma a kowane wasa wajen minti 9 kawai ake ba shi, sau da yawa bayan an riga an san wanda ya ci. Na biyu, iya miƙa ƙwallo ba ƙarfi ne ke kawo shi ba, sabo ne. Mu mutanen bakin ruwa mun san wannan. Ran Rigata a Yauri, jirgin da ke cin tsere ba lalle ne ya zama na ƙattan da suka fi kowa damtse ba. Na waɗanda suka saba tuƙi tare ne, kowa ya san lokacin da filafilin na gabansa zai taɓa ruwa ba sai ya duba ba. Yaron da ya tashi a tsibiri ko a gaɓar tafkin Kainji yana da wannan a jikinsa tun bai san ya koya ba. Ka ɗauko ƙato daga tudu yana da shekara 19, ka ba shi filafili, bayan shekara uku ka sa shi tsere da 'ya'yan Sarkawa da Gungawa, in ya kasa laifin wa?

Bayan tashe

Cikin watan Fabrairu na 1998 ƙungiyar Nets ta haɗa shi da wasu 'yan wasa biyu ta yi musaya da ƙungiyar Orlando Magic. Ita kuwa Orlando ba ta sa shi wasa ko ɗaya ba ta sallame shi. Yana da shekara 25 ƙofar NBA ta rufe masa, shekarun da tsaransa ke shiga ganiyarsu.

Abin da ya yi bayan haka shi ya fi burge ni cikin tarihinsa. Bai ajiye ƙwallo ba. Ya koma ƙananan gasanni na Amurka, waɗanda ake kira CBA da USBL, inda albashi kaɗan ne, 'yan kallo kaɗan, tafiya mai nisa daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan. A irin waɗannan wurare ne masu neman a sake duba su ke taruwa. Ya yi ta shiga yana fita har zuwa 2003. Mutumin da ya taɓa sa hannu a kan miliyoyi, aka yi masa dariya a gaban duniya, ya yarda ya sauko ƙasa ya ci gaba da sana'arsa, wannan ba ƙaramin hali ba ne. Da yawa cikinmu in aka yi musu dariya sau ɗaya a aji ba su sake ɗaga hannu har su gama makaranta.

Rasuwarsa

Ran 9 ga Janairu, 2004, Yinka Dare ya yanke jiki ya faɗi a gidansa da ke garin Englewood na jihar New Jersey, rai ya yi halinsa. Shekararsa 31. Binciken likita ya nuna ciwon zuciya ne, mai nasaba da rashin daidaiton bugun nan da aka gano tun yana jami'a. Da labarin ya bazu, tsofaffin abokan wasansa da malaminsa Mike Jarvis suka shaide shi da cewa mutum ne shiru-shiru, mai ladabi, mai taushin hali. Masu lissafin gefen fili ba su da gurbin rubuta wannan a takardarsu.

Zuciya tana bugawa ne bisa wani saƙo mai kama da lantarki da ke tashi daga sashenta na sama ya bazu cikinta, shi ke sa ta matse ta tura jini a kan ƙa'ida. In saƙon ya rikice, sai ta yi sauri fiye da kima, ko ta yi tsalle, ko ta riƙa karkarwa ba ta tura jini. Mai irin wannan lalura yana iya zama ƙaƙƙarfa a ido, ya yi gudu ya yi tsalle, ba wanda zai zaci kome. Iyayenmu za su tuna da Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi ya rasu a babban filin wasa na Legas ran 12 ga Agusta, 1989, ana cikin karawa da Angola. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a fili a Faransa cikin Yuni na 2003. A ƙwallon kwando ma an yi rashin Hank Gathers cikin 1990 da Reggie Lewis cikin 1993. Dukansu samari ne majiya ƙarfi, dukansu zuciya ce.

Abin da ya biyo baya

Tun bayan zamaninsa abubuwa sun sauya. Cikin 1995, shekara guda bayan an ɗauke shi, NBA ta ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa. Cikin 2003 ta fara shirya sansanin horar da matasan Afirka a Afirka ta Kudu, daga baya ta buɗe makarantar koyon wasan a Senegal, inda ake ɗaukar yara tun suna ƙanana a haɗa musu karatu da horo. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA cikin 2019. Ƙungiyar maza ta Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya cikin 2015, ta kuma doke Amurka da 90 da 87 a wasan sada zumunta cikin 2021. Ta mata kuwa ta kai zagayen takwas na ƙarshe a wasannin Olamfik na birnin Faris cikin 2024. Yinka yana cikin 'yan ƙalilan na farko da suka taka wannan hanya tun ba a share ta ba, ƙayar da ta soke shi kuwa ta nuna wa na baya inda za su kiyaye.

Darasi gare mu

'Yan'uwana ɗalibai, a kowane aji na makarantar nan akwai mai wata baiwa. Wani gudu, wani kokawa, wani iyo, wani ƙwallo, wani murya. Yau ga waya a hannun kowa, muna ganin tsaranmu a ƙasashen waje suna ƙirga kuɗi, zuciya tana raya mana mu jefar da littafi mu bi su. Manoman albasa na Yauri da Shanga da Ngaski sun san abin da ke faruwa in farashi ya tashi mutum ya yi kwaɗayi ya cire albasarsa ba ta ƙosa ba. Zai sayar ran nan, amma ba ta ajiyuwa, kafin a kai ta nesa ta soma ruɓa. Yinka Dare ya sami sa'ar da mutum ɗaya cikin dubbai ba ya samu, duk da haka shekara huɗu kawai kasuwarsa ta ci. Wanda zai bar aji uku ya bi wani dillali da ya yi masa alkawarin kai shi Turai, shi da me zai dawo? Mu yi wasa da gaske, mu koyi ƙa'idojinsa tun daga tushe, mu saba miƙa wa juna, amma mu riƙe takardar shaidarmu, domin gwiwa tana iya tafiya cikin minti 3.

Iyayenmu kuma ina roƙonku abu biyu. In Allah ya ba ɗanku ko 'yarku baiwar wasa, kada ku hana, kada kuma ku yi hanzarin mai da ita abin neman kuɗi. Ku bincika duk wanda ya zo da daɗin baki yana neman tafiya da yaro, ku shawarci malamansa. Sa'an nan in yaro yana kukan ciwon ƙirji, ko jiri, ko faɗuwar gaba mai tsanani in ya yi gudu, ko ya taɓa suma a fili, kada a ce ragwanci ne ko iska. A kai shi asibiti likita ya auna zuciyarsa kafin ya koma wasa. Malaman wasanni ma ya kamata su riƙa tambayar wannan kafin a fara tseren shekara.

Daga ƙarshe, mu kiyayi bakinmu a kan wanda ya gwada bai kai ba. Waɗanda suka yi wa Yinka dariya, mafi yawansu ba su taɓa taka filin da ya taka ba ko na minti ɗaya. Yaro ne da aka haifa a Kano, ya fara wasa a makare, ya kai jami'arsa inda ba ta taɓa zuwa ba, ya shiga sahun 14 na farko a zaɓen gasar da ta fi kowace girma a duniya, ya faɗi ya ci gaba da nema har ƙarshen ransa. Allah ya ba mu ikon sanin baiwar da ya yi mana, ya ba mu haƙurin renonta har ta ƙosa, amin.